Kwalba daban, gona daban

Ka ce tunda Unica, irin dankalin turawan nan da muke rainon tsironsa cikin kwalba a ɗakin gwaji, ta tsaya kore shar a kwalbar da ka zuba wa PEG, sinadarin da muke kwaikwayon fari da shi, ko za ka iya gaya wa manoman Bokkos cewa ba ta jin fari. Kul, yaro! Kada in ƙara jin wannan magana a bakinka.

PEG 6000 riƙe ruwa yake yi. Saiwa tana cikin danshi amma ta kasa tsotsa, sai ka ga wane iri ne zai ci gaba da miƙa saiwa, wane ne zai tsugune ya yi ɗorawa. Iyakar abin da kwalba ke faɗa maka ke nan. Ganyen cikinta ɗan gata ne. Laima ta rufe shi, ƙofofin numfashinsa ba su koyi rufewa ba, bayansa babu maiƙon da ke tare ruwa. Bai taɓa sanin iskar hunturun Jos ba.

Ni na biya kuɗin wannan karatu. Wani Alhaji ya zo mini da babbar riga da bakin zuma, ya zagaya ɗakin, ya ɗaga kwalba ɗaya yana juya ta a fitila. Na yi kuskure ɗaya: na nuna masa jerin da suka jure PEG, na ce waɗannan suna da alamar juriya. Alama fa na ce! Ya kwashi tsiro 2,000 bashi, wai sai an yi haƙa. Na roƙe shi ya bar su sati uku a rumfar raga su saba da iska, ya ce to. Ashe daga motarsa fadama suka wuce, tsakiyar rani. Rabi suka kwanta a kwana biyu. Sauran suka kama, sai ya janye injin ban ruwa ya kai gonar tumatir, daidai lokacin da dankali ya fara ɗaura 'ya'ya, lokacin da ya fi kowane lokaci buƙatar ruwa. Dankalin turawa saiwarsa ba ta nitsa, wa zai gaya masa? Da aka haƙa, ƙanana kamar ƙwan zabi. Na je har gonar, na ɗebi ƙasa a hannuna, gari ce. Ya hana ni ko kwabo, ya kuma shiga kasuwar Mangu yana cewa na sayar masa da ciyawa. Wata uku na dasa tsiron nan gaɓa gaɓa da hannuna. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi.

Batun haɗa MS, wato abincin tsiron kwalba, da daidaita pH, ma'aunin tsami, a 5.8 da dafa kwalabe, kada ka ɓata mini lokaci, wanda ya yi wata ɗaya a ɗakin nan ya sani. Abin da ku yaran yanzu ba ku da shi haƙuri ne. Kwana goma kun ɗauki hoto kun saka a Facebook. Ka bari sai sati huɗu, ka zaro tsiron, ka wanke, ka auna tsawon saiwa da nauyi, ka gwada da ɗan'uwansa da ba a sa wa PEG ba. In ka cika PEG, agar, abin da ke daskarar da abincin tsiron, ba zai daskare ba, tsiron ya nutse, ka ce fari ne ya kashe shi.

Irin da ya tsallake gwajin kwalba, kai shi tukunya a rumfa ka hana shi ruwa. Daga nan gona, rani biyu. Ko a cibiyar bincike ta Kuru sai an kai iri gona kafin a buɗe baki.

Tashi ka duba kwalaben layi na uku, na ga fumfuna a guda biyu tun safe.