Jaririn da aka jijjiga ya daina kama nono

'Yar'uwa, kin ce maƙwabcinki yana jijjiga jaririnsa ɗan wata 2 idan kuka ya ishe shi, yanzu yaron ya daina kama nono, uban kuma ya hana a kai shi asibiti. Wannan ba ya jiran wayewar gari.

Kan jariri ya fi ƙarfin wuyansa. Jijjiga ta 'yan daƙiƙoƙi tana iya tsinka jijiyoyin jini a cikin kai, jini ya kwanta kan ƙwaƙwalwa, alhali babu ko ƙwarzane a fata. Ki duba ko yana barci mai wuyar tashi, amai, taune-taune, numfashi sama-sama, ko maɗigarsa ta kumbura. Ƙin nonon kaɗai ma ya isa dalilin kai shi asibiti.

Kada a ɗura masa ruwa, rubutu ko jiƙo, zai iya shaƙewa. Kada a yi masa turare ana cewa iska ce. A kai shi asibiti mai sashen yara yau, uwar ta faɗa wa likita cewa an jijjiga shi, don a binciki kan.

In uban ya kafe, ku kira kakan yaron, liman ko mai unguwa. In abin ya faskara, sai 'yan sanda da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.