Ɗan uwa, kada ka bari bindigar ta kai watan Agusta a cikin jaka

Assalamu alaikum. Ɗan uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don kamar labarina kake bayarwa. Ka ce bindigar mahaifinka ce mai baki biyu, da lasisinta, ba ka harba ta sai sau ɗaya ko biyu a shekara, kana son sanin duk yaushe ya kamata a goge ta. Tawa ma ta Baba ce, Allah ya jiƙansa, ni kuwa ban yi wannan tambayar ba sai da aikin gama ya gama.

Shekarar da ya rasu, ana tsakiyar marka, wani ɗan baffana ya zo ya ce birai sun hana shi sakat a gonar masara, in ara masa ita kwana biyu. Na san doka ba ta yarda da aron bindiga ba, amma kunya ta hana ni cewa a'a. Kwana biyu suka zama mako uku. Da ya dawo da ita a jakarta ta fata, na tambaye shi ko ya goge, ya dube ni ido cikin ido ya ce wallahi ya goge tas. Na yarda. Na tura ta ƙarƙashin gado, ban sake buɗewa ba sai da bazara.

Ranar da na buɗe, wari ne ya fara tarbata. Ashe ruwa ya doke shi da ita a gona, ya cusa ta a jaka a jiƙe, ga dattin harbi bai fitar ba. Tsatsa ta bi jikinta ja wur, har shatin yatsunsa ya fito a kan ƙarfen, saboda gishirin gumi. Na karya ta, wato na buɗe ta ta inda ake sa harsashi, na ɗaga bututun a rana, cikin da Baba yake bari kamar madubi duk ya zama ramuka. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ni da furfurata. Mutumin nan shekara talatin yana riƙe da ita ko ɗigon tsatsa babu, ni damina ɗaya ta gagare ni. Da na je wa ɗan baffan nawa da maganar, cewa ya yi ai ƙarfe ne, dama tsohuwa ce. Ko haƙuri bai ba ni ba. Muna gaisawa a wajen biki da jana'iza, amma har yau abin yana raina.

To, ga yadda nake yi yanzu da abin da ya rage. Duk ranar da ta yi harbi, ko ɗaya ne, a ranar nake zura tsumma har sai ya fito fari, sannan in bi da mai kaɗan. Idan bindigar toka ce ma abin ya fi tsanani, don tokar albarushi tsotsar danshi take yi, kwana ɗaya ya isa ta fara cin ƙarfe. In kuwa a ajiye take, da rani duk wata uku nake fito da ita, daga Yuni zuwa Satumba kuma kowane wata. Kafin komai ka karya ta ka tabbatar babu harsashi, ko da kai ka ajiye da hannunka.

Don Allah kada ka sa mata man gyaɗa ko manja, daskarewa suke yi su yi danƙo. In babu man bindiga, man keken ɗinki ya wadatar. Kuma shafawa ake yi, ba zubawa ba. Da hunturu ƙura tana haɗuwa da mai ta zama laka a wajen kunama, in ya yi yawa kuma ya gangara cikin katakon ya ruɓar da shi, shi ya sa nake jingine tawa baki a ƙasa.

Jakar fata ta tafiya ce, ba ta ajiya ba. Ka samu akwati mai makulli nesa da bango mai damshi, ka jefa ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi. Harsasai kuma wani wuri daban, a kulle, saboda yara. Ni ɗana na fari ma bai san inda makullin yake ba.

Na kusa mantawa, zanzaro. Yana gina gidansa na laka a cikin bututu, na taɓa cire shi da hannuna. Harbi a kan toshewa fasa bututu yake yi, ya tafi da yatsu ko ido. Kullum ka leƙa daga baya ka ga haske ya wuce kafin ka sa harsashi.

Yau ɗin nan ka fito da ita ka ɗaga a rana. In ka ga ramuka a ciki, kada ka harba sai wanda ya san aikin bindiga ya duba maka, kuma ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.