Zama da Maɗaukin Kanwa: Amsa ga Ɗaliban da ke Nazarin Laifuka

Tambayoyin wannan karon duk daga ɗalibai suka zo, masu rubuta kundin kammala karatu a kan sata, shaye-shaye da makamantansu.

Malam, na rubuta "ra'ayin Merton", mai duba aikina ya ja masa jan biro ya sa "ra'in Merton". Ina bambancin?

Ya kyauta miki, 'yata. Tushensu ɗaya ne a Larabci, amma masu nazari sun raba musu aiki. Ra'ayi kowa na da nasa, har wanda bai san komai a kan maganar ba. Ra'i kuwa tsararren bayani ne da za a iya kai shi fage a gwada, ya tsaya ko ya faɗi. A 1938 Robert Merton, masanin zamantakewa, ya ce al'ummar Amurka tana kwaɗaita wa kowa tara dukiya, alhali halastattun hanyoyin samunta ba a buɗe suke ga kowa ba, sai wasu su bi ta bayan fage. Wannan ana iya gwada shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake jibge ra'in a babi na biyu kamar kayan aro, a rufe ƙofa. Na taɓa duba wani kundi mai shafi biyar cur a kan Merton, amma a takardar tambayoyin babu ko layi ɗaya da ya tambayi matasan me suke buri, ko me ya tare musu hanya. To me Merton ya zo yi?

Malam, zan iya buɗe babina da "zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai", tunda ina amfani da ra'in Sutherland?

Ɗana, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Kusan duk mai kawo wannan karin maganar bai tsaya ya kalli hoton da ke cikinta ba. Mutum ya sauke buhun kanwa kusa da kai, ƙura ta tashi ta sauka a gashinka. Ba ka ɗauki buhun ba, ba ka koyi ɗauka ba, kanka dai ya yi fari, duk wanda ya hango ka zai ce kai ma ɗan sana'ar ne. Edwin Sutherland kuwa, a fasalin ra'insa na 1947, cewa ya yi laifi koyonsa ake yi a cikin cuɗanya da makusanta: dabarar aikatawa, da kuma hujjojin da mutum ke kwantar wa kansa hankali da su. Wannan abu ne da ya shiga ciki. Ƙurar kanwa a waje take, ruwa kofi ɗaya ya wanke ta.

A ganina karin maganar ta fi kusa da abin da Howard Becker ya kawo a 1963, cewa jama'a ne ke liƙa wa mutum suna, sunan kuma ya bi shi. Yaro ya zauna da masu shaye-shaye, aka fara kiransa da sunansu, iyayen yaran kirki suka hana 'ya'yansu kula shi, ya rasa abokan zama sai waɗancan. Daga nan farin kan ya daina wankuwa. Na san da yawa suna fahimtar karin maganar a matsayin ɗaukar hali, ban ce sun yi saɓo ba. Amma mai bincike ya kamata ya san wanne yake nema, domin tambayar "wa ya koya maka?" daban take da "yaushe aka fara kiranka haka?" Idan Sutherland kake so tsantsa, "abokin ɓarawo ɓarawo ne" ma ba ta ishe ka ba, don ita hukunci ta yanke, ba ta faɗi ta yaya ba. Haka karin magana take: takan ba ka abin da za ka bincika, ba ta zame maka shaida.

Laifi da zunubi ɗaya ne?

A'a. Zunubi tsakaninka da Ubangijinka. Laifi kuma kalma ce mai faɗi, tun daga "ba laifi" har kisan kai, don haka ka fayyace tun farko cewa wanda doka ta tanadar wa hukunci kake nufi.

Malam, "in ɓera da sata, daddawa ma da wari" ba ɗora wa wanda aka zalunta laifi ba ne?

Tana iya zama haka a bakin marar hankali. Lawrence Cohen da Marcus Felson a 1979 sun ce sai abu uku sun haɗu laifi ke aukuwa: mai niyya, abin da ya ja hankalinsa, da rashin mai tsaro. Karin maganarki ta kawo biyu ta bar na uku, wanda "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga" ta cike. Ki haɗa su. Amma in bincikenki a kan fyaɗe ne ko cin zarafin yara, ki bar daddawar nan a inda kika gan ta.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" ta dace da gadon laifi?

Cesare Lombroso na Italiya ya yi wannan tunanin a 1876, har da auna ƙoƙon kan fursunoni. Charles Goring ya rushe zancensa na cewa ana gane mai laifi daga ƙirar jikinsa a 1913. Ka bar barewa ta huta.

Wace karin magana ce ta dace da hukunci a matsayin izina?

"Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah." Sai dai Cesare Beccaria tun 1764 ya ce tabbacin kamawa da saurin hukunci sun fi tsananinsa tsorata mutum. Muna faɗin "rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya" don mu razana ɓarawon, shi kuwa dubun yake lissafawa. In za ka yi hira da waɗanda suka taɓa sata, ka tambaye su sau nawa suka yi kafin a kama su.