Ku Tambayi Likita: Sikana uku cikin shekara biyu saboda tsakuwar ƙoda, ban cutar da kaina ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni direban babbar mota ne, ina ɗaukar kaya daga Ngaundere zuwa Kuseri, wani lokaci har Injamena. Shekarata 41. Tsakuwar ƙoda ta matsa mini. Idan ciwon ya tashi daga kwiɓina na dama ya sauko mara, ko zama ba na iyawa. Cikin shekara biyu an saka ni a sikana sau uku, a garuruwa daban-daban. Yanzu ciwon ya soma dawowa, wani ƙanena ɗan makaranta kuma ya ce hasken sikana yana jawo ciwon daji. Na ƙi zuwa asibiti saboda tsoro. Mene ne gaskiyar lamarin? Kuma akwai abin da zan sha ya wanke hasken daga jikina? Daga wani direba a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam direba. Allah ya ba ka lafiya. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, amma ya ba ka rabin labari, rabin ne kuma ya zaunar da kai a gida da ciwo.

Sikana, wadda ake kira CT scan da Turanci, da hasken eksire take aiki, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji ko na karaya da shi, sai dai ita tana zagaya jiki tana ɗaukar hotuna da yawa, saboda haka hasken da mutum ke sha ya fi yawa. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira milisibat, a takarda za ka ga an rubuta mSv. Ko ba ka taɓa taka asibiti ba, kana shan kusan 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abinci. Wannan shi ne matsakaicin duniya. Hoton ƙirji bai wuce 0.1 ba. Sikanar ciki da mara ta yau da kullum tana kaiwa wajen 10. Kenan sikana ɗaya daidai take da abin da za ka tara cikin shekara huɗu kana zaune lafiya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙiyasta cewa 10 ɗin nan na iya ƙara haɗarin mutuwa da ciwon daji da kusan 1 cikin 2,000. Ƙiyasi ne, kuma ƙarami ne idan aka ajiye shi kusa da ƙodar da ta toshe aka bar ta ta lalace. Sau uku da aka yi maka ba abin hana barci ba ne.

Abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne "garuruwa daban-daban". Na san yadda ake yi. Ciwo ya kama mutum a Marwa, a yi sikana, ya samu sauƙi, ya cusa takardar a aljihun ƙofar mota har ta jiƙe da man giya. Bayan wata shida ya kama shi a wani gari, likitan can bai san an taɓa yin komai ba, sai ya sake rubuta wata. Tsakuwa kuwa mai dawowa ce: kusan rabin waɗanda suka yi ta sukan sake yi cikin shekara 5 zuwa 10. Kai kana da shekara 41. Idan kowane tashin ciwo zai zo da cikakkiyar sikana, lissafin zai taru, kuma hasken taruwa yake yi a lissafin haɗari, ba ya gogewa.

Amma hasken kansa ba ya zama a jiki. Yana ratsawa ya wuce a daƙiƙar da aka kunna na'urar. Babu madara, babu jiƙo, babu zuma da za ta wanke shi, don babu abin wankewa. Mutane da yawa suna fitowa daga ɗakin hoto su nufi mai shago neman madarar gwangwani. Su sha don daɗi, ba don magani ba. Kuma ba za ka shafa wa iyalinka komai ba.

Hanyar rage hasken tana nan, kuma ba sabuwa ba ce. Tsakuwa abu ne mai tauri a tsakiyar nama mai laushi, a hoto takan fito fara fat. Farar tunkiya a garken baƙaƙen awaki, ko da magariba za ka gane ta. Shi ya sa mai aikin na'urar zai iya rage ƙarfin hasken sosai, hoton ya ɗan yi dishi-dishi, amma tsakuwar ta fito. Irin wannan sikanar takan tsaya ƙasa da 4, a sababbin na'urori har ƙasa da 2, kuma ga wanda ba shi da ƙiba sosai tana gano tsakuwa kusan kamar cikakkiyar. Inda take rauni shi ne ƙananan tsakuwoyi 'yan ƙasa da milimita 3, da kuma mai babban tumbi, don kitse na shanye hasken. A takardun asibitocinmu ana rubuta ta da Faransanci, "basse dose". Idan likita ya ce sai an yi sikana, ka tambaye shi cikin ladabi ko za a iya yin wannan. Ka kuma duba ko ya rubuta "sans injection". Neman tsakuwa yawanci ba ya buƙatar ruwan da ake ɗurawa ta jijiya. Idan aka yi da ruwan, sau da yawa sai an bi ta kan cikin sau biyu ko uku ko huɗu, kowane bi da nasa hasken. Akwai lokacin da ake buƙatar hakan, misali kafin wasu ayyukan tiyata, amma ba don kawai a san ko akwai tsakuwa ba.

Ni dai a ganina, mutum irinka da an riga an san yana da tsakuwa, ciwon kuma irin wanda ya saba ne, eko, wato hoton da ake kira ultrasound, ya kamata a fara yi masa. Eko da sauti take aiki, ba ta da haske ko kaɗan, ta fi araha, kuma ana samunta a garuruwan da babu sikana. Ba ta cika ganin tsakuwar da ta maƙale a tsakiyar bututun da ke sauko da fitsari ba, gaskiya ne, amma tana nuna ko ƙoda ta kumbura, wanda shi ne abin da likita ya fi son sani da gaggawa. A 2014 an buga wani babban bincike da aka yi a asibitoci 15 na Amurka kan marasa lafiya 2,759: waɗanda aka fara da eko ba su fi waɗanda aka fara da sikana shiga matsala ba, kuma sun sha haske kaɗan. Idan tsakuwarka irin wadda ke fitowa a hoton eksire ce, ana iya bin sawunta da hoton ciki guda ɗaya, wanda haskensa bai kai milisibat 1 ba, a haɗa da eko.

Ka tattara duk takardunka da faifan da aka ba ka, ka ɗauke su hoto a wayarka. A ƙarshen rahoton sikana wani lokaci za ka ga "PDL" ko "DLP" da lamba a gabansa. Ka ninka lambar da 0.015, za ka samu kusan milisibat ɗin da ka sha a ciki da mara. Lamba 700 ta zama 10.5, lamba 200 ta zama 3.

Sai batun ƙin zuwa asibiti, wanda shi ne haɗarin gaske. Idan ciwon ya zo da zazzaɓi ko rawar sanyi, ko fitsari ya ɗauke, ko amai ya hana ka riƙe ruwa, ko maganin ciwo ya ƙi aiki, ka ajiye motar ko a ina kake ka nemi asibiti. Ƙoda mai toshiya da ƙwayar cuta a cikinta tana iya kisa cikin kwanaki kaɗan. A wannan hali idan aka ce sikana, ka shiga ba gardama. Kuma idan kana ganin jini a fitsari, ka ce a duba tsargiya, musamman in kana wanka a kogin Logon ko Binuwai ko madatsar ruwan Lagdo.

Yawancin tsakuwoyin da ba su kai milimita 5 ba da kansu suke fita. Ka riƙa tace fitsarinka da ƙyalle mai tsabta, in ta faɗo ka kai a gwada irinta. Sanin irin tsakuwar yana rage maka hotuna nan gaba. Ruwa kuma, ka sha har fitsarinka ya kai lita 2 zuwa 2.5 a yini, ya fito kusan fari. A zafin Maris da Afrilu, da Garwa ke haura digiri 40, wannan na nufin jarka a gefen kujera da tsayawa a hanya, ko yaron mota zai yi gunaguni. Ka rage gishiri da dunƙule da yawan tsire. Nono kada ka daina shi.

TAMBAYA: Likita, ina da ciki wata biyar, an ce ina da tsakuwa. Mijina ya ce mu tsallaka Injamena a yi sikana. Daga wata baiwar Allah a Kuseri.

AMSA: Hajiya, Allah ya raba lafiya. Ga mai ciki eko ce ta farko, haka ma ga yara. Idan ba ta wadatar ba, akwai hoton maganaɗisu, IRM, wanda shi ma babu hasken eksire a cikinsa. Sikana mai ƙaramin haske ita ce ta ƙarshe, sai likitan mata da na mafitsara sun haɗu a kai. Ki sani ciki da kansa yana sa ƙoda ta ɗan kumbura, musamman ta dama, don haka kumburi a eko ba lallai tsakuwa ba ce. Kada ki sha diclofenac ko ibuprofen ba da izinin likita ba, kuma ki gaya wa maigida idan zazzaɓi ya shigo, a daren za a tafi asibiti.