Tambaya da Amsa: Na tsinci karya a garka, ƙashi da fata, ga tsoron mutane

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni manomin albasa ne a Aliero, jihar Kebbi. Yau kwana biyar wata karya ta zo ta laɓe ƙarƙashin rudun albasata a garka. Mun yi cigiya har ƙauyukan kusa, ba wanda ya ce tashi ce. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, kaska cike da kunnuwa, gashi ya zube a gwiwoyi da gefen kunne, kullum cikin susa take. Da ta hangi mutum sai ta matse wutsiya ta shige ciki tana rawar jiki. Tausayi ya kama ni, na cika mata kwano da tuwo da miya, ta cinye tas, ta amayar, ta kama zawo. So nake in riƙe ta ta yi mini gadi, don ɓarayin albasa sun dame mu. Yara na son wasa da ita, uwargida kuwa ta ce kada ta ga ƙeyarta a gida. Wani abokina ya ce in shafa mata baƙin mai, in yi mata allurar sammore da ake yi wa shanu. Mi ya kamata in yi? Kuma karya mai tsoro haka za ta iya gadi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba da ladan tausayi. Kafin komai, ka ajiye shawarar abokin nan naka, duka biyun, zan zo kansu. Sannan ka gaya wa yara, da kakkausar murya, cewa babu mai taɓa karyar nan sai ka ba da izini. A nan uwargida ta fi ku gaskiya, ko da dalilinta daban ne da nawa.

Nawa dalilin shi ne ciwon haukan kare. Ba mu san inda ta fito ba, ba mu san abin da ya cije ta a hanya ba, kuma da wuya a ce an taɓa yi mata rigakafi. Mutane sun ɗauka mahaukacin kare shi ne mai gudu cikin gari yana cizon duk abin da ya tarar. Wannan kala ɗaya ke nan. Akwai wata kalar da kare ke yin shiru, ya nemi lungu ya kwanta, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, ya kasa haɗiya kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mai gida ya tausaya, ya zura hannu a baki don ya ciro ƙashin, shi ke nan yawun ya shiga ƙujewar da ke yatsansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, magana ta ƙare.

Yadda ka kwatanta taka, tana ci, tana haɗiya, tana gudun mutum da hankalinta, ta fi kama da wadda yunwa da jifa suka galabaitar. Amma cutar kan yi kwanto a jikin kare makonni, wani lokaci har wata 6, kafin ta fito. Don haka ta zauna a garka, a keɓe, kuma a yi mata allurar rigakafin hauka da wuri. Ni ba na jinkirta wannan allura saboda rama kawai, sai in na tarar da zazzaɓi. Ana samunta a asibitocin dabbobi na gwamnati, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ma tana sarrafa ta, kuma duk shekara ake sabuntawa. Ka karɓi katin shaida ka adana. In tsautsayi ya sa ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a nufi asibitin mutane a ranar, ba gobe ba. Ita kuma kada a kashe ta, a tsare ta kwana 10 ana lura. In ta wuce kwanakin nan lafiya ƙalau, to lokacin da ta yi cizon babu cutar a yawunta.

Yanzu ga tuwon nan. Da kyakkyawar niyya ka ba ta, amma ka auna arziki da abin ya tsaya a amai da zawo. Dabbar da ta daɗe cikin yunwa jikinta ya koma cin kansa, hanjinta ya yi laushi, gishirin jini irin su fosfet da fotashiyam sun ƙare a ma'ajiya. In aka narka mata abinci mai sitaci lokaci guda, sai insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ya tashi, ya janye ɗan abin da ya rage a jini zuwa cikin tsoka. Cikin kwana biyu zuwa biyar sai ka ga kasala, makyarkyata, wani lokaci zuciya ta tsaya. Mutane sai su ce ai dama kwananta ya ƙare, alhali ƙoshin ne ya kashe ta. Garin neman gira an rasa ido.

Ga yadda za ka yi. In a tsaye girmanta na karnukanmu na gida ne, wato kilo 10 zuwa 12 a halin da take ciki, abincinta na yini guda a kwana biyun farko shi ne dafaffen ƙwai biyu, dafaffen kifi kamar rabin tafin hannunka wanda aka cire wa ƙaya tsaf, da shinkafa dafaffiya cokali uku. Ka raba wannan gida huɗu: safe, hantsi, la'asar, da bayan isha'i. Za ta cinye cikin ƙiftawar ido ta zuba maka ido, zuciyarka ta karye. Ka daure. Daga kwana na uku ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, yadda sai bayan kwana 7 zuwa 10 za ta kai ga cikakken abinci, sannan ka koma sau biyu ko uku a yini. Ruwa kam kada ya yanke, musamman a bazarar Kebbi da zafi ke haura digiri 40. Madara da nono ka bar su tukuna, zawo suke ƙarawa.

Miyar ce ta fi tayar mini da hankali, saboda sana'arka. Albasa guba ce ga kare, ɗanya, dafaffiya ko busasshiya, haka ma tafarnuwa. Tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma ba nan take abin ke nunawa ba, sai bayan 'yan kwanaki ka ga fitsari ya yi ja-ja ko baƙi-baƙi, dasashi ya yi fari. Matsakaiciyar albasa guda ta isa ta illata karya mai wannan nauyi, balle wadda kaska ta riga ta shanye wa jini. Kare mai ƙoshi bai cika kula ɗanyar albasa ba, amma mai yunwa ba ya zaɓe, ga ta kuma kwance ƙarƙashin rudu. Ka yi mata 'yar rumfa da zana can gefe, nesa da albasa, nesa da inda kake ajiye maganin feshi da na ɓera. Ragowar miyar gida ba nata ba ce. Goro ma kada wani ya jefa mata da sunan wasa, haka ƙashin kaza dafaffe, yana tsagewa ya huda hanji. In ta murmure za ka iya sayen kayan ciki wajen mahauta, sun fi araha, amma a dafa su sosai. Ɗanyen huhu da hanta masu ƙurajen ruwan nan da mahauta ke yankewa su yar, su ke sa wa kare wata tsutsa da ƙwanta ke fita a kashinsa ya koma jikin mutum da tumaki.

Tsutsar ciki kuwa ba sai na gwada ba, kusan duk karen da ya yi yawon bola yana ɗauke da ita. Maganin da ya haɗa firazikwantel da firantel yana kama mafi yawansu. Ana ba da shi gwargwadon nauyi, a cusa cikin ƙwai ba sai an kama ta ba, a maimaita bayan mako 2, daga nan duk wata 3. Kashinta a riƙa binnewa, don yara na yawo a garka ba takalmi.

Sai kaska da susa. Zubar gashi a gwiwa da gefen kunne tare da ƙaiƙayi mai tsanani ya yi kama da ƙazuwar kare, kuma takan taɓa mutum ya yi 'yan kwanaki yana susa. Baƙin mai ba ya warkar da ita. Fata yake ƙonawa, ta lashe shi ya shiga ciki. Fiya-fiya ya fi shi muni, na ga karnukan da aka kawo suna kumfa da makyarkyata bayan an yi musu wanka da shi. Allurar sammore kuma, wato daiminazin, gaskiya ne likita kan yi amfani da ita ga kare in an tabbatar da wata cutar jini da kaska ke sawa, amma tazarar da ke tsakanin magani da guba a jikin kare 'yar kaɗan ce. Abin da saniya za ta ɗauka ta ci gaba da kiwo, in aka ƙiyasta wa kare da ido sai ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya kama juyi, ya mutu. Maganin ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen da daikulofenak su ma gyambon ciki da ciwon ƙoda suke jawo masa.

Abin da ya fi dacewa da karyar da ba ta yarda a taɓa ta shi ne ƙwayar taunawa irin Bravecto ko NexGard. Ana ba ta cikin abinci, ta kashe kaska, ƙuma da ƙwayar ƙazuwa gaba ɗaya, ta farkon tana aiki har mako 12. Da tsada, kuma sai manyan garuruwa. In ba ta samu ba, allurar aibamektin a hannun likita tana maganin ƙazuwa. Ni da so samu ne, likitan dabbobi ya zo garkar da kansa, ya duba dasashinta, ya gwada zafin jiki, ya ɗebi jini. Kaska na sa wa kare cututtukan jini da ke hana shi ƙiba komai yawan cinsa, ɗaya daga cikinsu sai an sha dokisaikilin kwana 28. In abin ya gagara a Birnin Kebbi, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Amma in ka ga jini a zawo, ko ta daina shan ruwa, ko ta kasa tashi, kada a jira kowa, a lulluɓe ta da buhu a ɗauka.

Batun tsoro shi ne wanda kuɗi ba sa saye. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. A wurin karyar nan, hannun ɗan Adam in ya ɗaga dutse ne ke biyo baya, ka kuma san yadda yaranmu suke da kare a hanya. Wataƙila ma tun tana kwikwiya, a wata ukun farko da kare ke sabawa da mutane, ba ta samu mai jan ta a jiki ba. Don haka kai kaɗai za ka riƙa kai mata abinci, a lokaci ɗaya kullum. Ka ajiye kwanon, ka ja da baya taku goma, ka tsuguna ka ba ta gefenka, kada ka ƙura mata ido, don a wurin kare wannan neman faɗa ne. Ka yi ta 'yar maganarka a hankali, ko ka kunna rediyo kana gyaran albasa. Bayan kwana biyu ka rage taku ɗaya. In ta ƙi ci kana wurin, alama ce ka matso da yawa, sai ka koma inda kake jiya. Wata rana za ta miƙo wuya ta shinshina ƙafarka, ranar ma kada ka kai hannu. In lokacin taɓawa ya yi, ƙirji da gefen wuya ake fara shafawa, ba tsakar ka ba.

Ka koyi karanta ta. Lasar leɓe, hamma ba barci, kwantar da kunne, kau da kai, duk cewa take a ba ta wuri. In ta yi gurnani kada ka doke ta. Gurnani gargaɗi ne, karen da aka hana gargaɗi da sanda shi ne ke cizo ba sallama. Haka kuma kada a ja ta da igiya daga maɓoyarta, kada a ɗaure ta a gajeren turke cikin rana. Masu cewa a kulle kare a duhu ko a zuba masa barkono a abinci don ya yi zafi, abin da suke samu shi ne kare mai cizon 'ya'yan mai gida. Wata karyar mako biyu ya ishe ta sakin jiki, wata sai ta yi wata uku, wata kuma har ta tsufa mutum ɗaya ta sani. Yara su jira sai an yi rigakafi, ƙazuwa ta warke, ita da kanta ta fara nufo su, kuma kana tsaye.

Uwargida ka kwantar mata da hankali cewa garka za ta zauna. Hadisi ya halatta riƙon kare don farauta, kiwo da tsaron shuka, taka kuwa ta shuka ce. A ware mata kwanonta, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta.

Za ta yi gadi? Ya danganta da abin da kake nema. In mai kama ɓarawo ta kayar kake so, ba ita ba ce, ban kuma ba ka shawarar neman irinsa a garkar da yara da 'yan ƙwadago ke shiga ba. In mai tashe ka ce, to irinta sun fi iyawa, don matsoracin kare barcinsa ba nauyi, motsi kaɗan ya ji. Sai dai kada ka sa ran jin haushinta yanzu. Kare ba ya yi wa wurin da bai ɗauka nasa ba haushi, kuma da wuya ta fara kafin haƙarƙarin nan ya rufe, abin da zai ɗauki kamar wata biyu. Ka riƙa ɗaukar hotonta da waya duk Juma'a daga wuri ɗaya, don idon da ke ganinta kullum ba ya gane ƙiba. Ranar da likita zai zo kuma ka sa ya lalubi cikinta, don karyar da ta yi yawo takan zo da ciki ba a sani ba, kwana 63 ne kacal ta haihu, kuma in haka ne akwai magungunan da za a canza.