Garmahon lafiyarsa lau, kunnenka ne baƙo

Wai faifan da wanga saurayi ya kawo yana ƙara kamar injin markaɗe, kana tambaya ko allura za ka canza. Kai yaro, ajiye sukuddireba! Kiɗan ne haka. Industrial suke ce masa. Tun 1976 wasu a Ingila suka kafa kamfanin faifai da wannan suna, a 1980 kuma wasu samari a Balin suka shiga dukan ƙarafan bola da injin huda bango suna ɗauka. Ɗayan faifan mai jita da murya kamar ta makoki, shi ne dark folk. Har gobe ana buga sababbinsu, kaɗan-kaɗan, wani ɗari uku, wani ɗari biyar, in ya ƙare ya ƙare. Batun saurin juyawar faifai, 33 da 45, ba zan ɓata yawuna ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da rake.

Abin da ya kamata ka tambaya shi ne: ka zare faifan daga kwalinsa ka duba a gaban mai shi? Na san ba ka yi ba. Ku yaran yanzu hannu na karɓar kaya, ido na kan waya.

Ni ma sau ɗaya na yi wannan sakaci. Watan Afrilu ne, zafin Sakkwato ya haura digiri 40, kwalta na kama takalmi. Wani mutum mai babbar riga ya tsaya ƙofar shago, ya fito da garmaho da faifai biyu daga but ɗin mota, ya ce ƙanensa ya aiko daga Jamus, in gyara bel, robar da ke juya faifai, in gwada. Ana kiran azahar, na karɓa na jingine. Bayan la'asar na zaro ɗaya, baƙi wuluk, mai nauyi, irin mai giram 180, sai ga shi ya lanƙwashe kamar marfin tukunyar da aka taka. Na ɗora, allura na hawa tana sauka kamar raƙumi. A mota ya gasu, kowa ya sani, shi ma ya sani.

Washegari ya zo da mutum biyu, wai kwanon shagona ne ya narkar da shi, wai kwafi ɗari uku kacal aka buga a duniya. Ba ni da shaida. Shugaban ƙungiyarmu ya ce in yi haƙuri in biya. Ragon layyata na kai Kara na sayar, Hajiya ta yi sati ba ta kalle ni ba. Kuɗin bel ɗin ma bai ba ni ba, Allah ya isa.

Tashi ka kira saurayin yanzu, ya zo ku duba tare. Kuma in na sake ganin ka ɗora kwabo a kan hannun allura don ƙara mata nauyi, ranar za ka bar shagon nan. Nauyin giram biyu ya ishe ta.