Tambayi Anti: Littafin Gashin Kek Ya Kunyata Ni

Assalamu alaikum Anti. Ni amarya ce, wata bakwai ke nan da tarewata. Yayar maigidana ta kawo mini tsarabar wani ƙaton littafin gashi daga Amurka, ya fi shafi 500. Babu abin da babu a cikinsa: kek, burodi, biskit, donot, har da abubuwan da ban taɓa jin sunansu ba. Sau uku ina gwada kek daga ciki. Na farko ya yi tauri, na biyu ya tashi da kyau sannan ya lotsa a tsakiya, na uku kuwa ƙasansa ya ƙone, cikinsa ɗanye. Maigidan har ya fara yi mini tsiya wai fulawarsa nake wasa da ita. Littafin ne na banza, ko hannuna ne ba shi da kyau? Ko in ajiye shi in koma awon gwangwani irin na Ummanmu?
Amarya, Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam. Amarya ba kya laifi, balle a kan fulawa. Hannunki lafiyarsa ƙalau, kuma ban zaci littafin na banza ba ne. Wadda ta rubuta shi dai kicin ɗinta ta duba ta rubuta, ba ta san naki ba.

Ni ma na sha wannan kunya, tawa ma ta fi taki domin a bainar jama'a aka yi ta. Lokacin bikin ƙanwarmu ni aka ɗora wa kek ɗin gara, saboda kowa ya san ina da littafin Turawa, ina ta cika baki da shi. Na ninka awon sau shida, na fasa ƙwai kusan kiret guda, na auna fulawa da kofin shayin maigida tunda littafin ya ce kofi. Abin da ya fito daga oben, da za a jefi kare da shi sai ya yi kuka. Gwaggonmu ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa a gefen faranti, ta dube ni ta ce, "To, wannan sai dai a kai wa magina." Ranar sai maƙwabciyarmu, wadda ko karatun boko ba ta yi ba, ta zo da gwangwaninta ta fitar da mu kunya.

Taurin kek ɗinki na farko, kusan na tabbata daga kofi yake. Kofin da littafin Amurka yake nufi awo ne tsayayye, kimanin mililita 240. Wata malamar girki ta birnin Boston mai suna Fannie Farmer ce ta yaɗa wannan awo na kofi da cokali a shafe, cikin littafin da ta fitar a 1896, kuma har yau a kai suke. Kofin shayinmu ya fi wannan girma, gwangwanin madara kuma bai kai shi ba. Ko da kin sayi ainihin kofin awon, da sauran rina a kaba. Idan kika riƙa zuba fulawa cikinsa da cokali a hankali kika shafe bakin da wuƙa, za ki sami giram 120 zuwa 125. Idan kuwa kika luma shi cikin buhu kika ɗebo, fulawar takan danne ta kai giram 150. A kek mai kofi uku kin ƙara kusan giram 90 ke nan ba ki sani ba. Ga shi kuma da hunturu fulawa takan bushe ta ƙara shan ruwa. Maganin duk wannan ɗan sikelin kicin ne mai batir. A kayan kicin ɗina kaf, shi ne abin da ba na ba da aro.

Ƙwai ma haka. In littafin ya ce babban ƙwai, yana nufin wanda ruwansa ya kai giram 50 bayan an cire ɓawo. Ƙwan gidan gona wani ya kai, wani bai kai ba, na kajin gida da na zabi kuwa ba a magana. Ki fasa su a kwano ki ɗora a sikeli. Ƙwai huɗu a littafi, giram 200 ke nan, ko da shida za ki fasa kafin ki kai.

Sai bota. Za ki ga an ce sanda ɗaya na bota. Giram 113 ne. Abin da ya fi rikita mutanenmu shi ne inda aka ce a bar bota ya yi laushi a zafin ɗaki. Ɗakinsu suke nufi, mai wajen digiri 20. Bota yana fara narkewa ne daga digiri 32 zuwa 35, ke kuwa kin san yadda kicin yake a Zariya cikin watan Afrilu. Dalilin buga bota da sukari shi ne ƙwayoyin sukarin su huda shi iska ta shiga, iskar nan ce take taimaka wa kek ya tashi ya yi laushi. Botan da ya zama mai ba ya riƙe iska, ko kwana za ki yi kina bugawa. Ki taɓa shi da yatsa: ya lotsa amma kada ya yi ƙyalli. Ni da bazara bayan sallar asuba nake kwaɓi, in babu wuta kuma in sa kwanon botan cikin ruwan randa. Ki kuma lura, majarin na shafa wa burodi ruwa ya yi masa yawa, na gashi za ki nema.

Na biyun da ya tashi ya lotsa, abu uku nake zargi. Ko kin buɗe oben kina leƙe tun bai kama jikinsa ba, ko kin cika cokalin bekin fauda ya yi tozo, ko kuma kin musanya shi da bekin soda. Cokalin shayi na awo mililita 5 ne, babban cokali 15, kuma wasu littattafan da harafi ɗaya kawai suke bambanta su, ƙaramin t da babban T. Bekin soda ya ninka bekin fauda ƙarfi kusan sau uku, kuma ba ya aiki sai da abu mai tsami a cikin kwaɓin. In ya yi yawa kek zai kumbura fiye da ƙarfinsa ya faɗi, ki ji yana ɗanɗanon sabulu. A nan ma ga wata garaɓasa: duk inda littafin ya nemi madarar nan tasu mai tsami da ba a samu a shagunanmu, kindirmo mai kyau da aka ɗan tsinka da ruwa yana yin aikin, ni har na fi son sa.

Na ukun laifin wuta ne. Lamba 350 da kike gani a littafin ma'aunin zafi na Amurka ne, a namu digiri 180 ke nan, a oben mai gas kuma lamba 4. Sai dai yawancin obin ɗin da ke haɗe da kukar gas daga ƙasa wutarsu take, kuma abin da aka rubuta a jikin maɓallin ba lallai shi ne zafin da ke ciki ba. Nawa na gano yana zarce abin da na sa shi, sai da na rataya ma'aunin zafi a ciki na kama shi. Ki kunna shi minti 15 kafin ki sa kwaɓi, ki ɗora a tsakiya, ki ajiye tire da gishiri ko yashi a can ƙasa ya tare wutar.

Yanzu ga ra'ayina kan irin waɗannan littattafai masu cewa sun tattara komai. Amfaninsu na gaske yana shafukan farko, waɗanda kowa yake tsallakewa don ya je ga hotuna. A nan ake bayanin yadda suka auna fulawarsu, da irin ƙwan da suke nufi, da aikin kowane abu a cikin kwaɓi. Ki koma ki karanta su da biro a hannu. Littafin kirki yakan ba da awo da giram, ya faɗi faɗin gwangwanin gashi, ya kuma gaya miki alamar nuna, kamar a soka tsinke ya fito a bushe, bai tsaya ga mintoci kawai ba. In naki yana da waɗannan, ki riƙe shi da kyau. Rauninsa kuwa, mai son ya taɓa komai ba ya zurfafawa a komai. Babin burodi ba zai mai da ke mai gidan burodi ba, rabin girke-girken kuma suna neman 'ya'yan itatuwa da kirim da cukun da sai kin sha yawo a manyan shagunan Kaduna ko Abuja, in kin samu ma kuɗin ya kore ki. Nawa littafin shekara da shekaru ke nan yana hannuna, abin da nake yi daga cikinsa bai wuce goma sha biyu ba, kuma kowanne na cika gefensa da rubutu: rage sukari, ƙara madara cokali biyu da hunturu, sauke a minti 35. Ba za ki ga gurasa a ciki ba, ba alkaki, ba dubulan, ba nakiya.

Batun gwangwanin Umma kuwa, kada ki raina shi. Awo ne da aka gwada shekaru da fulawarmu da wutarmu. In kin je gida ki tafi da sikelinki, duk abin da ta auna ki ɗora ki rubuta nauyinsa a bayan littafin nan. Shi kuma maigida ki ce ya ƙara haƙuri da fulawa kilo ɗaya.

*

Anti barka da aiki. Ina sayar da ƙananan kek a makaranta. Da muna Kano littafina bai taɓa ba ni matsala ba, amma tunda muka dawo Jos sai su kumbura su zube gefe, washegari kuma sun bushe. Ban canza komai ba.
Ɗanki, daga Jos

Ɗana, ba ka canza komai ba amma ka hau dutse. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. Can sama iska ba ta da nauyi sosai, don haka kwaɓi yakan yi saurin kumbura kafin ya ƙanƙame, ruwa kuma yana tafasa tun a wajen digiri 96, shi ya sa danshi yake saurin guduwa. Yawancin littattafai don mazauna ƙasa-ƙasa aka rubuta su, gyaran yakan fara ne daga mita 900. A kowane cokalin shayi na bekin fauda ka rage kashi ɗaya cikin takwas, ka rage sukari babban cokali guda a kowane kofi, ka ƙara madara babban cokali ɗaya ko biyu, ka ɗaga wuta da digiri 10 sannan ka sauke da ɗan wuri. Kada ka cika gwangwanayen su wuce rabi. Duba ƙarshen littafinka, manyan sukan ɓoye shafi ɗaya kan gashi a tudu.

*

Salamu alaikum Hajiya. Littafina na Faransanci ne, komai da giram, amma ba ni da oben, da tukunya da yashi nake gashi. Yakan ce a sa lamba 6, ko a zuba ƙunshi ɗaya na abin tashi. Yaya zan yi?
Uwar gida, Maraɗi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ke kin huta da rigimar kofi. Lambar obin ɗin Faransa ninkawa ake yi da 30, wato lamba 6 digiri 180 ce, matsakaiciyar wuta. Ƙunshin da suke nufi ɗan fakitin bekin fauda ne mai giram 11, wanda yake isar fulawa rabin kilo. Ki kula kawai, kalma ɗaya suke kiran bekin fauda da yis da ita, kalmar da ke biye ce take raba su. Na kek daban, na burodi da fanke daban.

Tukunya kuwa oben ce, in an iya da ita. Ki zuba yashi mai tsabta kaurin yatsa biyu, ki rufe ki bar shi ya yi zafi minti 15, ki ɗora gwangwanin a kan murfin kwano ko duwatsu uku don kada ya zauna kan yashin. Garwashi kaɗan a ƙasa, mafi yawa a kan murfi. In kina son sanin zafin, barbaɗa fulawa a ɗan faranti ki sa a ciki: in ta yi ruwan zuma cikin minti biyar wutar ta yi, in ta yi baƙi ki rage garwashi. Mintocin littafin kada ki bi su, hancinki da tsinke za ki bi, kuma kada ki ɗaga murfi kafin minti 25.

Ki fara da kek ɗin da Faransawa da Ingilishi duk suke yi, wanda ba ya buƙatar littafi ma. Ɗora ƙwai huɗu a sikeli, duk abin da suka nuna ki auna bota daidai da shi, sukari daidai da shi, fulawa daidai da shi, sai bekin fauda cokalin shayi biyu a shafe. In sukarin mai manyan ƙwayoyi ne ki ɗan daka shi a turmi kafin ki buga da botan.